Injin Markaɗe a Bayan Tagata

Ranar da aka kira ni aka ce na sami aikin, ina tsugune a tsakar gida ina wanke kwanukan tuwo. Na goge hannu a jikin zanina na ɗauki wayar, na yi ta zuba godiya da Turanci har mutumin ya gaji ya kashe. Inna tana zaune a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu, ta bi ni da kallo.

"Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu, Inna. Aiki na samu, a Abuja."

"To kukan na mene ne? Ƙarasa wanke-wankenki."

Haka Inna take, ba ta nuna murna a gaban 'ya'yanta. Amma da yamma na ji ta tana gaya wa matan gidan ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ba su cika shiri ba.

Na fi shekara biyu a zaune bayan bautar ƙasa. Zaman ne ya ishe ni na koyi gwajin manhaja, a wata tsohuwar kwamfuta da yayana ya bar min, wadda da an ɗauke wuta take mutuwa tare da fankar ɗaki. Kowa cewa yake ai aikin kwamfuta shi ne hanya yanzu, kamar kana gama koyo za a turo mota a ɗauke ka. Ba haka abin yake ba. Duk kamfanin da ka duba sabon shiga yake nema, amma mai gogewar shekaru, kuma in ba a Legas yake ba to a Abuja yake. Na nema har na daina gaya wa mutane ina nema.

Da na yi wa Inna bayanin aikin, cewa wasu ne za su ƙera manhaja ni kuma in bi ta lungu-lungu in zaƙulo kurakuransu kafin ta isa hannun jama'a, sai ta gyaɗa kai ta ce, "Wato biyanki za a riƙa yi ki nemi laifin mutane. Lallai sun sami gwana."

Gwaji na wata uku aka ba ni. An ce in na so in riƙa zuwa ofis, in na so in yi daga gida, muddin zan shiga taron da ake yi ta bidiyo kowace safiya. Ni kuwa da farko komawa Abuja nake so, ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya tashi a Suleja ya ga motoci suna gangarawa da asuba, ya taɓa raya wa ransa cewa wata rana shi ma can zai kwana. Wata ƙawata da ta riga ni samun aiki ta haɗa ni da dillali, muka wuni muna yawo. Kafin ya buɗe min ƙofa ɗaya sai da ya karɓi kuɗin gani. Ɗakin da ya fi dama a cikinsu na bayan wani katafaren gida ne, asalinsa na mai gadi, tagarsa tana kallon katanga. Hayar shekara ake so a dunƙule, da kason dillali, da kason wani lauya da ban gani ba, da kuma kuɗin ajiya saboda abubuwan da ban riga na fasa ba. Na kalli dillalin na ce ko ya ɗauka gidan zan saya. Bai yi dariya ba.

Ƙawata ta ja ni ɗakinsu in huce. Su huɗu ne a ciki, dukansu masu aikin kwamfuta, kowacce da akwatinta a gefen katifa. Ruwa saya suke yi, tumatir ƙirga musu ake yi ɗaya-ɗaya, wanda mu a kasuwarmu kashi ake yi har a ɗora gyara. Ta ce albashi yana shigowa ya gaishe ta ya wuce. Ko da ma zan iya matsawa cikinsu, ina zan kai Inna? Tun rasuwar mahaifinmu daga ni sai ita, ga ciwon gwiwa da ya sa ko banɗaki za ta sai da sanda.

Makon farko na horarwa dole a ofis aka yi shi, sai na gwada jeka-ka-dawo. Ina idar da sallar asuba zan fita bakin titi in tsaya cikin sahun masu ɗaga wa motocin gida hannu, a cusa mu huɗu a baya, mu maƙale a cunkoson Zuba, in isa ofis kamar an jiƙa ni an matse. Tun da fetur ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin motar kaɗai ya isa ya haɗiye rabon Inna na magani da na cefane. A ƙarshen makon na gane abu ɗaya: in aikin nan bai yiwu daga ɗakina ba, to ba zai yiwu ba sam.

Gidan haya muke a unguwar Kwamba, irin mai ɗakuna suna kallon juna, namu ciki da falo a can ƙarshe. Duk gidan wuri ɗaya ne intanet ke kamawa da ƙarfi, wato bakin tagar uwar ɗakinmu. A bayan wannan tagar kuwa, taku kaɗan, rumfar Maman 'yan biyu take, da injin markaɗenta.

Maman 'yan biyu 'yar Filato ce, mijinta malamin firamare ne da ya yi ritaya. Mace ce mai jiki da fara'a, in ta yi dariya har bakin titi ana ji, ranar Lahadi kuma ita ke jan waƙa a cocinsu. Da injin nan ta yi wa 'yan biyunta makaranta har suka gama. Kuma da fetur yake aiki, balle in sa ran ɗauke wuta zai cece ni. Shekara da shekaru ina jin ƙararsa ban taɓa damuwa ba, har barcin rana nake yi yana yi.

Taron namu wajen ƙarfe tara ake yinsa. Gajere ne, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Wajen ƙarfe tara kuma shi ne lokacin da masu sayar da abincin rana suke jeruwa da bokitan tattasai da attaruhu da albasa, ga masu alale da wakensu, ga masu awara.

Ranar farko da aka zo kaina na buɗe makirfo, sai na ga fuskoki a allon sun yamutse. Ogan sashenmu, wani matashi ɗan Kudu mai sanyin magana, ya tambaye ni da Turanci ko gini ake yi a gidanmu. Na ce a'a. Ya ce to in rubuta abin da zan faɗa. Wani abokin aiki ya rubuto min a gefe yana tambaya ko a filin jirgi nake zaune. Na ji kamar in nutse.

Babu dabarar da ban yi ba. Na lulluɓa da bargo ni da kwamfutar, zufa tana ɗiga a kan madannai. Na koma falo, intanet ya tsinke, hotona ya daskare bakina a buɗe, aka ce haka ya tsaya har aka tashi. Na sayi abin kunne a kasuwa wanda mai shagon ya rantse min yana kashe kowace irin ƙara, ya kashe muryata ya bar injin. Na je shagon wata ƙawata a bakin titi, can kuma hon ɗin masu keke napep ya fi injin rashin mutunci.

Ƙarshen mako na biyu oga ya kira ni ni kaɗai. Ya ce aikina yana da kyau, ina ganin abin da wasu ba sa gani. Amma nan gaba ni zan riƙa yi wa masu ba mu kwangila bayani da bakina, kuma ba zai iya sa su saurari wannan ƙarar ba. In ba a samu gyara ba, sai dai in riƙa zuwa ofis kullum. Da ladabi ya faɗa, amma na ji abin da yake nufi.

Na fito falo a fusace na ce wa Inna yanzun nan zan je in sami Maman 'yan biyu.

"Ki ce mata me?"

"In roƙe ta ta riƙa kashewa na ɗan lokaci mana. Ai ba wani abu ba ne."

"Ta kashe abincinta don ki kunna naki?" Inna ta gyara zama. "A gidan nan muka same ta da injinta. Kina buɗe baki za ta kashe, don tana jin kunyata. Daga ranar kuma duk wadda ta ɗauke bokitinta ta tafi wani injin, ke ce. Za ku riƙa gaisawa, amma ba irin ta da ba."

Na ce to shi ke nan, sai in ajiye aikin in koma wanke kwanuka, tunda kunya ta fi abinci. Na faɗi maganganu da dama a ranar, ina yi ina share hawaye. Inna ta bar ni na zazzage tas, sannan ta ce, "Ƙarfe nawa ne taron naku?"

"Tara."

"Yana daɗewa?"

"Bai fi a dafa shayi a sha ba."

Ta ce, "Uhm," ta jawo farantin shinkafar da take tsincewa.

Ranar Litinin na zauna a bakin taga. Ana gab da farawa sai injin ya yi tari ya mutu. Na yi bayanina tsaf, har oga ya ɗaga min babban yatsa. Ina gamawa na ja kujera na miƙe, ba a jima ba injin ya tashi. Na ce mai ne ya ƙare mata. Washegari aka sake, na ce bel ne ya tsinke. Rana ta uku na daina neman dalili, na ce addu'a ce ta ci.

Sai da aka kwana biyu a haka, ranar nan oga ya makara, muna zaune muna jiransa, na ɗaga labule. Inna ce zaune a kan bencin rumfar, da mayafinta da sandarta a jingine. Maman 'yan biyu ta kife bokiti ta zauna a gabanta, hannu duk jan tattasai. Masu markaɗe sun jeru a gefe, kowacce ta rusuna ta gaida tsohuwa ta koma ta tsaya.

"An tashi lafiya?" in ji Inna.

"Lafiya lau, Mama."

"Ya gajiyar jiya?"

"Babu gajiya."

"Ya maigidan? Ya ƙafar tasa?"

"Da sauƙi, Mama, mun gode Allah."

"Madalla. Ya 'yan biyu? Shi na Kadunan ya kira kuwa? Ita macen fa, ya laulayin? Ya mutanen gida can kan dutse, ruwa ya sauka? An yi shukar dankali? Ita surukar taki, saniyar nan tata ta haihu?"

Tana yi tana satar kallon tagata. Inna ce fa, wadda ko ƙanenta ya zo daga tafiya gaisuwarsu ba ta wuce jimla uku. Inna da in za ta tashi daga tabarma sai ta kira sunan Allah ta kira nawa. Ita ce take zagayo gidan nan a kan gwiwoyin nan, ta fita ƙofa ta biyo lungu. Ta san babu mai tarbiyyar da zai bar inji yana ruri babba na gaishe shi, kuma babu wanda zai ce wa tsohuwa ta gajarta. Ba ta roƙi kowa komai ba, gaisuwa kawai ta je yi. Da ta ji ƙarar jan kujerata sai ta ce, "To bari in bar ki da aiki," ta lallaɓa ta miƙe.

Na saki labulen na zauna. Oga ya shigo aka fara taron, da aka zo kaina na yi bayanina.

Da ta dawo na tare ta a falo na ce, "Inna, na gan ki."

"Kin gan ni ina sata?"

"Gwiwarki fa?"

"Likita ne ya ce in riƙa motsa ta. Ko laifi ne in gaida maƙwabciyata? Ke dai da ba ki iya gaisuwa ba sai ki zauna ki yi ta danne-danne."

Daga nan ban sake tayar da maganar ba, ita ma haka.

Watannin nan sun yi min daɗi, har yanzu in na tuna su sai in ji sanyi a raina. Albashin da a Abuja ba zai kai tsakiyar wata ba, a Suleja ya riƙe mu har da saura. Na sa ƙaramar sola, na daina zullumin ɗauke wuta. Ina aiki ina jin ƙamshin miyar Inna, in na gaji in fito tsakar gida in taya wata tsinkar zogale. Ƙawata ta Abuja takan kira ni daga cikin cunkoso ta ce in ci tuwo da sunanta. Ta taga kuwa na haddace dangin Maman 'yan biyu kaf, na san wanda ya faɗi jarrabawa da wadda aka kai wa kayan tambaya. Inna ta fara dawowa da ƙullin acca, wata rana da kwanon gwate. Sau ɗaya na ji wata mai shinkafa da wake tana gunaguni, ta ɗauki bokitinta ta yi gaba. Raina ya sosu, amma washegari na gan ta ta dawo, da wuri wannan karon.

Ana saura 'yan kwanaki gwajin ya cika, oga ya ce ni zan gabatar da sakamakon aikinmu ga masu kwangila, kuma daga nan za a yanke shawara a kaina. Na ce ko in zo ofis ranar. Ya ce a'a, so yake ya ji ni daga inda zan riƙa aiki. Wannan kuwa ba gajeren taro ba ne, zai kai awa guda.

Ana jibi taron aka aiko mijin yayar Inna ya rasu a garin Diko. Babu zancen ta zauna, ni ma ban ce ba. Na samo mata mota na kai ta, na yi ta'aziyya na dawo, ita kuma sai an yi sadakar uku. Da za mu rabu ta riƙe hannuna kamar za ta ce wani abu, sai kawai ta ce in kula da murhu.

Safiyar ranar tun da wuri injin yake ruri, kamar ya san abin da ake ciki. Na yi wanka na sa mayafina mai kyau na zauna. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofa da niyyar in je in roƙe ta, yau ɗaya dai, sau biyu ina dawowa. Maganar Inna ta tsaya min a rai. Na ce to, in rabona ne zan ci, in ba rabona ba ne ma na ga iyakar ƙoƙarina. Fuskokin baƙi suka fara bayyana a allo, oga yana gabatar da ni, na kai hannu zan buɗe makirfo.

Injin ya mutu.

Na yi bayanina daga farko har ƙarshe. Suka yi tambayoyi na amsa, har wani ya ja wata magana muka yi ta kai da komo. Duk tsawon lokacin nan ban ji komai a bayan taga ba sai kukan kaji da ƙus-ƙus ɗin mata. Da baƙin suka fita oga ya ce in tsaya, ya ce an tabbatar da ni, kuma in ci gaba da aiki daga gida. Na kashe kwamfutar na kifa kaina a kanta na ɗan jima. Sai da na ja kujera sannan na ji an ja igiyar injin.

Bayan la'asar na zagaya rumfar. Maman 'yan biyu tana wanke bakin injin, ta ɗaure ƙugu da tsohon zani. Na durƙusa na gaishe ta.

"An ci jarrabawan?" ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"An ci, Mama. Amma ya aka yi kika…"

Ta yi dariyar nan tata har da dafa inji. "Haba, my dear! Ni yarinya ne? Tun kwana uku na gane. Wane mutum ne zai tambayi saniyan uwar mijina yau, gobe, jibi? Kuma yana yi yana kallon windo? Jiya na ji kina ta practice, na ce gobe babban miting ne. Na gaya ma customers kowa ya zo da sassafe ko ya jira."

Kunya ta rufe ni. Na ce ta yi haƙuri, mun sa ta asara, kuma yanzu tunda ta sani ba sai Inna ta riƙa wahalar da ita da dogon zance ba, zan gaya mata.

Ta ajiye soson ta juyo. Dariyar ta tafi.

"Kar ki gaya mata. Abeg." Ta goge hannu a zaninta. "In ta san na sani, kunya zai hana ta zuwa. Ni tun da mamana ya rasu, babu wanda ya zaunar da ni ya tambaye ni ya na kwana. Kowa bokiti yake miƙo min. Ki bar min ita."

Na ce to. Na tashi na koma ciki.

Yau shekara ta zagayo har ta wuce. An daɗe da mayar da taronmu bayan azahar, lokacin da rumfar take a rufe. Ban gaya wa Inna ba. Kullum wajen ƙarfe tara sai ta yafa mayafi ta laluɓi sandarta ta fita, tana mitar gwiwarta da 'ya'yan zamani waɗanda ba su san wahalar da ake sha a kansu ba.